Yaro ya gudo daga gida ya zo ƙofarka: me doka ta ce a Amurka da Ingila?

Malama Uwar Marayu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yaro ɗan shekara 15 ya ƙwanƙwasa ƙofa da dare, ya ce ba zai koma gida ba. Mai tausayi ba zai kore shi ba, amma a wasu ƙasashen ajiye shi ba da sanin iyayensa ba laifi ne. Masu sani su taimaka mana da bayani.

Baban Ilimi: Wa alaikumus salam Malama. A Amurka kowace jiha da dokarta. A Tekzas, sashe na 25.06 na dokar laifuka ya haramta ɓoye wanda bai kai 18 ba, hukuncin ya kai ɗaurin shekara ɗaya da tarar dala 4,000. Kariya biyu ce. Ta farko, ka sanar da 'yan sanda ko wani a gidan yaron cikin awa 24 daga lokacin da ka gane gudowa ya yi. Ta biyu, dangantaka ta kusa, wato kakanni ko 'yan uwansa na ciki ɗaya. Kawu da baffa da gwaggo ba sa cikin wannan kariyar, kuma nan ne mutane da dama suke faɗawa, don suna ganin ai ɗan gida ne.

Hajiya Mai Haƙuri: A jihar Washintan wa'adin sanarwar ya fi gajarta: awa 8 ga mutum mai zaman kansa.

Ɗan Lauya: A Ingila, dokar sace yara ta 1984 ta shafi wanda bai kai 16 ba, hukuncin har shekara 7. Yardar yaron ba ta wanke ka. 'Yan sanda kan ba wanda ya ajiye yaron takardar gargaɗi cewa iyaye ba su amince ba. Bayan ta, ba ka da bakin cewa ba ka sani ba.

Malama Uwar Marayu: To idan daga duka ko cin zarafi ya gudo fa?

Baban Ilimi: Nan kada a kira iyayen, a kira hukumar kare yara ko 'yan sanda kai tsaye. A rubuta lokacin da ya iso, lokacin da aka buga waya, da sunan jami'in da ya amsa. Idan akwai rauni, likita ya duba shi ya rubuta. Kada a yi wa jami'i ƙaryar cewa yaron ba ya nan, kada a kai shi wata jiha, don waɗannan biyun na iya mayar da taimako babban laifi. Kada kuma a yi masa alkawarin rufa asiri, a gaya masa gaskiya tun farko wa za a kira da dalili, in ba haka ba zai sake guduwa cikin dare.

Hajiya Mai Haƙuri: A Amurka akwai kuma gidajen mafaka masu lasisi da ake tallafa wa a ƙarƙashin dokar tarayya ta 1974, suna iya riƙe yaro har kwana 21 yayin da ake sasanci da iyali. Layin ƙasa na yaran da suka gudu: 1-800-786-2929, dare da rana.