Tsohuwar taya a ginshiƙin gini: gardamar zauren 'yan Arewa mazauna Legas

Mai Faci, Agege: Salamu alaikum jama'a. Wani kwastoma ya ce min ana jera tsofaffin tayoyi a zuba kankare a ciki, ginshiƙin ya fi wanda aka zuba a katako ƙarfi. In gaskiya ne ga su nan jibge bayan shagona, sauro kawai suke tara min.

Birkila, Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Malam, roba da siminti ba sa ga maciji. Wanda ya faɗa maka bai taɓa riƙe cokalin gini ba.

Injiniya, Ikeja: Abu biyu kuke cakuɗawa. In aka niƙa taya aka sa garinta a madadin yashi, ƙarfin kankaren raguwa yake, don siminti ba ya kama roba sosai. Nan Birkila ya yi gaskiya. Amma jera tayar ta zagaye ginshiƙi wani abu ne daban. Ginshiƙi in nauyi ya danne shi, ta gefe yake kumbura kafin ya tsage, shi ya sa muke ɗaura zobe a jikin rodi. To akwai wayar ƙarfe a cikin taya, tana iya riƙe wannan kumburin.

Mai Faci: Alhamdu lillahi, ashe ni na ci.

Injiniya: Da sauranka. Rodin tsaye yana nan daram, taya ba ta ɗauke masa aiki. Kuma wannan ta danfo ce, waccan ta tirela, wa ya san wadda wayarta ta yi tsatsa? Ga iska da ke maƙalewa a cikin kwarmin tayar lokacin zubi, ta bar rami. Balle gobara, Allah Ya kiyaye.

Alhaji, Mile 12: Ni ɗan kwangila nake tsoro, ba tayar ba. A garin da bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi a 2021, mutum sama da 40 suka rasu, ga na Ita Faji a 2019 da ya danne 'yan makaranta, sai ka ce wa mai son rage kuɗi taya na ƙara ƙarfi? Wallahi rodin zai zare ya sayar.

Hajiya, Obalende: Duk da haka, Alhaji, gara a binne su a gini da a riƙa babbake ganda da su muna ci.

Birkila: Hajiya, a tare zaizayar bakin kwata da su, na yarda. Bene kam, bari jami'an LASBCA, hukumar kula da gine-gine ta jihar Legas, su zo duba aiki su tarar da taya.

Mai Faci: Ni fa rumfar shago zan ɗora, ba bene ba.

Injiniya: To ka yanke gefen tayoyin, ka zuba ginshiƙai guda biyu gajeru, ɗaya da taya ɗaya babu, da kwaɓi iri ɗaya. Bayan kwana 28 mu kai su injin gwaji a matse. Kuɗin gwajin kai da Birkila za ku raba.

Birkila: Wanda ya sha kaye dai ya biya.