Tsohon sisin gwal ya fi sabo riba? Muhawarar da ta ɓarke a zaure

Baban Khalifa: Jama'a, ni dai na daina sayen sarƙa da awarwaro a matsayin ajiya. Tsofaffin sulallan gwal nake tarawa yanzu. Ku duba Double Eagle na Amurka na 1933: dala 20 aka rubuta a jikinsa, amma a 2021 an sayar da guda ɗaya dala miliyan 18.9 a gwanjon Sotheby's. A 2002 kuwa miliyan 7.6 aka saye shi. Wace sarƙa ce ta taɓa yin haka?

Hajiya Babba: Ɗan nan, kana ba mu labarin giwa alhali akuya ce ɗaure a gidanka. Wancan kwaya ɗaya ce tak doka ta yarda mutum ya mallaka, kusan duk sauran gwamnatinsu ta narkar. An ce ma ya taɓa zama a hannun Sarki Faruk na Masar. Naka a hannun wa ya zauna?

Baban Khalifa: Hajiya, nawa sisin Ingila ne mai hoton Sarauniya Biktoriya, ya haura shekara 120.

Hajiya Babba: Irinsa na kai kasuwa bara da bikin autata ya matso. Mai shagon ko kallon fuskar sarauniyar bai yi ba. Ya goga shi a dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya ɗora a sikeli, ya ce giram 8 ba kaɗan, karat 22. Na ce tsoho ne fa, gadon mahaifiyata. Ya ce, "Hajiya, mu nauyi muke saye." Da shi da sabon da aka shigo da shi daga Dubai jiya, kuɗinsu ɗaya.

Injiniya: Kowa na da gaskiya rabi. Tsufa kawai ba ya ƙara daraja, domin miliyoyi aka buga zamanin Biktoriya. Ƙarancin bugu ne ke ƙarawa, da kuma rashin gogewa. Ku juya bayan sisin, wajen hoton mahayin doki, a ƙasan kofato akan sami ɗan harafi mai nuna garin da aka buga shi: S na Sidni, M na Melbon, P na Perth, I na Bombay wanda aka buga a 1918, SA na Firitoriya. Masu tarawa a Ingila da madubin ƙara girma suke duba shi. Matsalar ita ce a nan wa zai biya ka kuɗin harafi? Kuma kada wanda ya wanke nasa da omo don ya yi ƙyalli, rage masa kuɗi yake yi.

Maman Ummi: Ni jabu nake tsoro.

Injiniya: Da hujjarki. Akwai ƙarfen tungsten da nauyinsa ya yi kusan daidai da na zinari, sikeli kaɗai ba ya tona shi.

Malam: Allah ya gafarta mana, ba wanda ya taɓo zakka. Nisabi miskali 20 ne, wato giram 85. Zinarin da ke cikin sisi ɗaya giram 7.32 ne, kenan wajen sisi 12 sun kai. In shekara ta zagayo, kashi 2.5 cikin ɗari ya wajaba, ko sha'awa ce ta sa ka tara. Sannan ba a musayar tsoho ɗaya da sababbi biyu saboda tarihi. Zinari da zinari sai nauyi ya yi daidai, hannu da hannu. Ka sayar ka karɓi kuɗi, sannan ka sayi wanda kake so.

Baban Khalifa: Na ji, Malam. Amma gwal ai ba ya faɗuwa.

Injiniya: Yana faɗuwa ƙwarai. Ozar zinari ta kai dala 850 a 1980, ta sauko ƙasa da 260 a 1999. Faɗuwar naira ce ke rufe mana ido.

Hajiya Babba: To Baban Khalifa, nawa ka biya a kan naka?

Baban Khalifa: Dillalin ya ɗora mini wani abu a kan kuɗin nauyi, wai na tarihi.

Hajiya Babba: Turo mana hoton bayansa, Injiniya ya duba ƙasan kofaton.