Wai Maziyyi Yana Sa Ciki? Gardamar da ta Kaure a Zauren Matan Unguwarmu

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa, masu sani nake nema. Ƙanwata ce ta zo min jiya ido jawur, goyonta wata takwas, gwajin fitsari ya nuna ciki. Mijin ya ce sam, tunda ta haihu azalu yake yi, bai taɓa zuba mata a ciki ba. Tun shekaranjiya ko kwanon abincinta bai buɗe ba. Bai fito fili ya zarge ta ba, amma kun san irin shirun nan.

Hajiya Babba: Innalillahi. Allah Ya rufa asiri. Kwanika kuma ai ba yau aka fara ba.

Maman Biyu: Ni fa ban ce ta yi wani abu ba, kar a fassara ni. Amma maganar wai ruwan farko ke sa ciki ban yarda da ita ba. Shekara shida muna wannan tsarin da maigidana, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Maziyyi ai ko wanka ba ya wajabtawa, wankewa kawai ake yi a yi alwala. Mijin ƙanwarki makara ya yi wajen zarewa, girman kai ya hana shi faɗa.

Malama: Maman Biyu, kin haɗa abu biyu. Wanka hukuncin tsarki ne, bai ce komai a kan ciki ba. Kuma ya zo a Sahihu Muslim cewa wani ya gaya wa Annabi (SAW) yana azalu da baiwarsa, aka ce masa abin da aka ƙaddara zai zo, daga baya ya dawo ya ce ta ɗauki ciki.

Maman Biyu: To shi ma ƙila makarar ya yi, Malama.

Anti Nas: Yanzu na fito daga aikin dare na tarar da ku. Maman Biyu, rabin maganarki gaskiya ce. Maziyyi daga wasu 'yan ƙululu biyu yake fitowa, kowanne kamar ƙwayar wake, aikinsa ya share ragowar fitsari a hanya ya kuma kawo santsi. Ba a nan ake yin ƙwayoyin haihuwa ba. Sai dai hanyar da yake bi ita ce dai hanyar maniyyi. A Ingila an wallafa wani bincike a 2011, maza 27 aka duba maziyyinsu, aka sami ƙwayoyi a na mutum 11, na 10 daga ciki ma suna motsi. Abin da ya fi ɗaure min kai, waɗanda suka ba da samfuri fiye da sau ɗaya, wanda aka samu a nasa kullum ana samu, wanda babu kullum babu. Kin ga ke nan ƙila naki maigidan yana cikin 'yan babu, na ƙanwar Maman Hanif kuma akasin haka. Namiji kuwa ba ya jin fitarsa, balle ya riƙe.

Maman Biyu: Mutum 27 kacal? Ai ko taron suna ya fi haka.

Anti Nas: Kaɗan ne, ban musa ba, akwai ma ƙananan binciken da aka yi kafinsa da ba su ga komai ba. To bar binciken, ɗauki lissafin ma'aurata. Cikin 100 da suka dogara da azalu shekara guda, kusan 20 sai ciki ya shiga. Ko waɗanda ba sa kuskure ko kaɗan, wajen 4 na ɗauka. Ko maziyyi ne ko makara, duk daga wajen mijin ne, ban ga laifin yarinya ba. Shayarwa kuma kariyarta wata shida ce, shi ma sai in nono zalla ake bai wa jariri kuma al'ada ba ta dawo ba. Nata goyon ya wuce nan.

Amarya: Anti, don Allah ni ma in tambaya, ba ni ba ce. Wata ce aka ɗaura mata aure ba ta tare ba, angon yana zuwa, wasa kawai suke yi daga waje. Akwai matsala?

Hajiya Babba: Ke 'yar nan, ciki ba ya shiga budurwa. Ta ina zai bi?

Anti Nas: Hajiya, ki gafarce ni, ta inda jinin al'ada yake fitowa. Tantanin budurci ba marfi ba ne, yana da ƙofa. In maniyyi ya zuba a bakin gaba, ko aka taɓa wurin da yatsa mai danshinsa, zai iya samun hanya. Ba kasafai ba ne, amma yana faruwa. In kuwa da kaya a jiki, ko runguma ce da sumba, babu komai, haka in ya bushe ƙwayoyin sun mutu. A cikin jikin mace ne suke iya kai kwana biyar suna jiran ƙwai.

Hajiya Babba: Ikon Allah. Mu dai da ba a gaya mana haka ba.

Amarya: To in ya riga ya zuba fa?

Anti Nas: In bai wuce awa 72 ba akwai ƙwayar gaggawa irin su Postinor-2, gwargwadon saurin sha gwargwadon aikinta. Jinkirta fitar ƙwai take yi, ba ta zubar da cikin da ya riga ya zauna. In lokaci ya wuce, ta jira sati uku ta yi gwaji. Ki ce wa "watan" su hanzarta tariya.

Maman Hanif: Anti, in na shawo kansa ya rako ta awo, za ki yi masa wannan bayanin da bakinki? Daga wajena ba zai karɓa ba, cewa zai yi kare ƙanwata nake yi.

Anti Nas: Ku zo Litinin da safe, kafin layi ya yi tsawo.

Maman Biyu: Ni dai ina nan a kan bakana, makara ya yi. Anti, in kin tashi daga barci ki duba saƙona ta gefe, ashanar nan ta tsarin iyali da ake sakawa a hannu nake son jin shekara nawa take yi.