Ummanmu ta fara kemo, ƴan dubiya sun hana ta sakat

Maman Hanan:
Salam ƴan uwa dan Allah shawara nake nema. Ummanmu ce aka gano tana da kansar mama, an ɗora ta kan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, a asibitin Shika da ke Zariya, duk bayan sati uku ake mata ƙarin ruwa da jan maganin nan. Yanzu gashinta ya soma zubewa, abinci kuwa ko ƙamshin miya ta ji sai amai. To ga ƴan dubiya, wlh tun safe har isha'i ɗakin cike yake, kowa da jiƙonsa a gora, Gwaggo ma cewa take ruwan asibitin ne ke cinye ta mu daina kai ta. Ya zan yi ban ɓata da dangi ba?

Anti Bilki:
Allah ya ba Umma lafiya. Ƙanwata nima na sha wannan jan ruwan, har fitsarina ya yi ja kwana ɗaya biyu, maganin ne ba jini ba. Gashi zai dawo in an gama, nawa da laushi ma ya fito. Ki daina kai mata tuwo malmala guda, ganinsa kaɗai ke tayar da zuciya, ki ba ta kaɗan kaɗan, koko, dafaffen ƙwai, farfesu ba yaji sosai, kuma a bari ya huce don tururin ne ke jawo aman. Ni ƙawata ce ke zama da ni ranar ƙarin ruwa tana min hirar duniya, ba ta taɓa min kallon tausayin nan ba.

Nas Habu:
Hajiya maganar dubiya ki ɗauke ta da gaske. Wajen kwana 7 zuwa 14 bayan kemo garkuwar jiki ke yin ƙasa sosai, mura ma sai ta kwantar da ita. Mai tari ya gaishe ta a waya, wanda zai shiga ya wanke hannu. Ki sayi ma'aunin zafin jiki, in ya kai 38 ko tana rawar ɗari ku tafi asibiti ko tsakar dare ne, kar a ba ta farasitamol a ce bari gari ya waye. Jiƙon kuma kar ta sha sai likitanta ya sani, hanta da ƙoda na fama da kemon tukuna.

Baban Sadik:
Ke ba ki isa ki hana Gwaggo ba gsky, babba za ki samu. Lokacin uwargidana yayanta na sa ya ce likita ya hana taro, ba wanda ya musa. Masu son taimako kuma ki ba su aiki, wani kuɗin gwajin jini, wani mota zuwa Zariya, wata wanki.

Maman Hanan:
Na gode Allah ya saka. Kawu zan samu gobe, shi kaɗai Gwaggo ke jin maganarsa. Anti Bilki bakinta ma ya fara gyambo, ke me kika yi amfani da shi?