Me ya sa gishirin KCl (potassium chloride) mai kalsiyam ya fi saurin yin launi?

Ɗalibi: Malamai, an haska lu'ulu'un KCl biyu da hasken gamma daidai wa daida, amma mai ɗan kalsiyam ya fi rinewa da shunayya. Ina dalili?

Malam: Kowane Ca²⁺ (kalsiyam) da ya zauna a mazaunin K⁺ (potassium) yakan bar wani gurbin K⁺ fayau domin caji ya daidaita. A nan kulorin da hasken ya tumɓuke yake maƙalewa, ba ya komawa ya cike gurbinsa da ya kama electron, wato cibiyar F, mai kawo launin. Auna hasken da cibiyar take sha a wajen tsawon zango 560 nm.

Malama: Kafin haskawa, gasa lu'ulu'un a 500°C, ka sanyaya da sauri. In ya huce a hankali, kalsiyam ya dunƙule, tasirinsa ya ragu.

Malam: Ajiye shi cikin duhu fa, hasken ɗaki kan mai da cibiyar F zuwa wasu cibiyoyin launi, M ko Z.