Kulle da azumi sun haɗe mini, ina neman shawara

Maman Biyar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da aka kulle Kano saboda cutar korona ranar 16 ga Afrilun 2020 ban samu barcin kirki ba. Yara biyar a ɗaki da falo, ba boko ba Islamiyya, ga azumi, ga zafi. Maigidan a kasuwar Kwari yake, yanzu yana zaune, ransa a ɓace. Jiya ina dama kunun buɗa-baki sai ga hawaye yana ɗiga cikin ƙwarya. Yaya kuke yi?

Goggo daga Fagge:
Wa'alaikumussalam 'yata. Gajiya ce ta taru. Raba aikin: babbar ta ɗauki wanke-wanke, maigidan ya riƙa yi musu tilawa bayan azahar, ke kuma ki rufe ƙofa ki kwanta, ko da awa ɗaya.

Uwar Tagwaye:
Ni ranakun sassauci, Litinin da Alhamis, nake markaɗa kayan miya da yawa, in tafasa har ruwan ya tsotse, in zuba mai a kai. Yana kwana biyu ko ba wuta.

Wata ungozoma:
Idan kukan da rashin barcin suka kai mako biyu, ki je asibiti, ba a hana marar lafiya fita ba. Kina shayarwa?

Maman Biyar:
Eh, autan watansa biyar.