Gyaran gidanmu na gado: ta ina zan fara da kuɗin da ke hannuna?

Ɗan Autan Inna

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga magina da waɗanda suka taɓa taɓa tsohon gida a ƙauye.

Gidanmu yana wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura. Ginin ƙasa ne, mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ya gina shi tun ba a haife ni ba. Akwai zaure, sai soron Inna mai rufin azara, sai ciki da falon da nake da iyalina wanda aka yi wa kwano, sai ɗakin yayana da ke zaune a Kano, shi kullum a kulle yake sai da sallah. Tun ambaliyar 2022 gidan bai koma daidai ba. Mu ruwa bai tashe mu ba kamar yadda ya tashi mutane a wajen Auyo da Kafin Hausa, amma ya kwanta a gindin katanga har ta gabas ta zube, zana muka kafa a wurin har yau. Soron Inna kuma yana yoyo ta kusurwar indararo. Da Agusta ta kama sai jera kwanuka da bokitai, kuma azara biyu sun yi baƙi, in ka soka musu tsinin wuƙa sai ta shige, gari na zubowa.

Bana Allah ya ba da riɗi, na kuma kai bijimin da na turke kasuwar Maigatari. Bayan na ware na taki da na cefanen gida, abin da ya rage naira miliyan 1 da dubu 900 ne. Ba ni da albashi, in wannan ya ƙare sai wata kakar.

Na kira wani magini ya zagaya gidan, ko igiyar awo bai ciro ba, ya ce a rushe soron Inna da katangar duka a tayar da bulo, in kawo miliyan ɗaya a fara, saura Allah zai kawo. To wannan "a fara" ita ta hana ni barci, don a garinmu akwai gine-ginen da suka tsaya a linta, ciyawa ta fito a ciki, awaki ke kwana. Ita kuma Inna ta ce ko za a yi me, ba za ta kwana a gwangwani ba, haka take kiran ɗakin kwano saboda zafi.

Shin kuɗin nan zai kai ina? Me zan fara saya, me zan bari? Kuma jinga ta fi ko biyan yini?

Tsohon Birkila

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka dakatar da duk wanda ya zo da diga. A sana'ar nan abin da na fi gani yana kassara mutane shi ne rushewa kafin lissafi. Rushe soro aikin yini ɗaya ne, matasa huɗu sun gama. Kada ka bari a rushe abin da ba ka tabbatar za ka iya rufe shi kafin ruwan farko ba. Saboda haka lissafinka daga sama za ka faro shi: kuɗin rufi tukuna, a ware shi gefe, abin da ya rage shi zai gaya maka bango nawa za ka iya tayarwa.

Bari in ba ka awon ɗaki ɗaya mai ƙafa 12 da 12, ka ninka da farashin da ka samu a kasuwarku, don in na faɗi farashi yau, kafin ka je ya canza. Bulo mai inci 6 zai ci wajen 450, ban da na harsashi. Siminti, daga harsashi da ɗora bulo da linta da daɓe da fulasta ciki da waje, ka sa buhu 25 zuwa 30, kuma wannan ban da na buga bulon in kai za ka buga. Kwano bandir ɗaya falle 20 ne, ɗaki irin wannan bandir ɗaya ba ya isa, ka lissafa ɗaya da rabi. Sai katako tu-bai-fo da tu-bai-tu, ƙusa, rodin linta, ƙofa, taga, silin, yashi, tsakuwa, kuɗin birkila da kafinta da lebura. Ka zauna da biro ka haɗa wannan, za ka ga ɗaki ɗaya tak ya kusa cinye abin hannunka, ba a zo maganar katanga ba.

Ni da gidana ne, soron Inna ba zan rushe shi ba sai na duba bangon. Ka samu magini na ƙasa, irin tsofaffin nan masu tubali, ya ƙwanƙwasa bangon ya tona gindinsa kaɗan. In tsagewar ba ta ratsa daga sama har ƙasa ba, bangon bai kuma karkata ba, to gyara yake so. A buɗe kusurwar da ke yoyo, a cire ruɓaɓɓun azara a sa sababbi, sannan a ɗora kwano a bisa soron a bar iska tsakani. Ruwa ba ya taɓa ƙasar, ita kuma ƙasar tana tare zafin kwano, Inna ta samu sanyinta. Azarar giginya ta yi tsada yanzu don bishiyar ta yi ƙaranci, amma biyu ko huɗu ba za su karya ka ba. Katakon rufin kuwa a shafe shi da maganin gara, ko baƙin mai in babu hali, tun yana ƙasa. A ɗaure shi da bango da waya ko langalanga, a kuma yi wa rufin rawani, wato a ɗaga bango ya rufe bakin kwanon, don iskar farkon damina ita ke ɗauke kwano ta jefa gonar maƙwabci.

Gindin bango shi ne inda ruwa ya cuce ku. A zagaye shi da dakalin bulo da siminti, tsayin gwiwa, a cike tsakar gida yadda ruwa zai gangara waje ta rariya. Wani zai ce maka a yi wa bangon ƙasa fulastar siminti gaba ɗaya ya yi kyau. Siminti ba ya kama ƙasa, bayan damina biyu za ka ji yana ƙara in ka buga, ruwa ya shiga bayansa, ya ɓamɓare da faifai guda. In dole sai an yi, a kafa ƙusoshi da ragar waya tukuna. In ba haka ba yaɓe mai ramno, wato ƙasar da aka cuɗa da ciyawa, ya fi masa, a bi da makuba, shafen nan na ɓawon ɗorawa, in ana samun ta a wajenku.

Katangar gabas ita ce za ka yi da bulo, don daga gabas hadari ke tasowa, ita ke shan dukan ruwa. Sauran ɓangarorin su jira baɗi.

Maganar biya: jinga, amma kashi-kashi. Harsashi da kuɗinsa, ɗora bulo da kuɗinsa, rufi da kuɗinsa, a rubuta a takarda gaban shaida. Kafin alƙalami kaɗan za ka bayar. Kayan aiki kuma kai za ka saya da hannunka, magini ya rubuta maka adadi kawai.

Malamin Makarantar Dare

Allah ya saka wa Baba Birkila da alheri. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne kalmar gado da ka sa a sama. An raba gidan nan, ko har yanzu na kowa ne?

In ba a raba ba, Inna tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, sauran na 'ya'ya ne, namiji rabon mata biyu, har da 'yan uwanka mata da ke gidajen aure. Duk bulon da ka ɗora a kan ƙasar da ba a raba ba, wata rana sai an tambayi na wane ne. Yau kuna lafiya da yayanka, to 'ya'yanku fa? Ka tara su kafin ka sayi ko ƙusa, a gaban limami da mai unguwa ko wani baffanku. Ko dai a ƙiyasta gidan yadda yake yanzu a rubuta, ko su yarda a rubuce cewa abin da ka kashe bashi ne a kan gidan, ko kai ka furta cewa na ɗakin Inna kyauta ka yi don Allah. Kowanne ka zaɓa daidai ne, barin shi a baki ne ba daidai ba. Kuma ta yiwu in Yaya ya ji, ya ce katangar da shi za a yi.

Maman 'Yan Biyu

Ƙanena, maza sun lissafa maka bulo da kwano, ni bari in lissafa maka abin da ba ya shiga takarda. Mu da aka yi namu a wajen Gaya, abincin ma'aikata kaɗai ya kusa ƙarar mana da buhun gero. Koko da ƙosai da safe, da rana ɗanwake ko shinkafa da wake, ga ruwan sha, ga goro. An ce jinga ce babu ciyarwa, amma wa zai iya kallon mutum yana cuɗa ƙasa a tsakar gidansa tun hantsi ya hana shi abinci? Ka ware musu kwanukan hatsi tun yanzu, matarka ta san abin da za ta riƙa aunawa.

Sai ruwa. Bulo da fulasta sai an yi ta ba su ruwa safe da yamma, balle da hunturu da iska ke busar da komai nan da nan. In babu rijiya a gidan, kuɗin 'yan ga-ruwa ko na amalanke kullum ne.

Sannan ina Inna za ta kwana in an buɗe soron? Ina za a sa gadonta da kwallayenta da adakarta? Tsohuwa ba ta son a taɓa mata kaya, ka roƙi Yaya makullin ɗakinsa tun da wuri. Kuma don Allah ka leƙa masai da madafi kafin ka gama rabon kuɗi. Gidan da ruwa ya kwanta a cikinsa, bakin masai yakan zaizaye ta ƙasa ba a sani ba, ga yara. Ni da za a bi tawa, murfin masai na kankare yana gaba da fentin zaure.

Direban Tifa

Malam, ka tambayi kuɗin kaya har ƙofar gidanka, ba kuɗinsa a shago ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 dako ya zama rabin magana. Kwano da rodi a Ƙofar Ruwa ko katako a 'Yan Katako na Na'ibawa za su iya fin sauƙi, amma in ka haɗa da motar da za ta kawo su daga Kano, wani lokacin gara ka saya a Ringim ko Gujungu. In za ka ɗauko daga Kano, ka haɗa komai a lodi ɗaya.

Yashi ka sa a zube maka tun hanya tana bushe. Da an yi ruwa biyu ba mai shigar da tifa hanyar ƙauye.

Kuɗi kuma kada ka ajiye su suna kallonka. Ka tuna farkon 2024 da buhun siminti ya haura dubu 10 a wurare da yawa, har gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin a watan Fabrairu aka ce a sayar tsakanin dubu 7 da dubu 8. Wanda ya yi lissafi a Disamba, kafin Maris lissafin ya tashi a banza. Abin da ba ya lalacewa, kwano, rodi, ƙofa, taga, ƙusa, ka saye yanzu ka kulle. Siminti ne kawai ba a tarawa, in ya wuce wata uku ko ya sha danshi sai ya dunƙule. Ka riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan, ko Dangote ko BUA ko Ashaka, ka ɗora a kan katako nesa da bango.

Ɗan Autan Inna

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam, gidan ba a raba ba, kuma na kira Yaya, ya ce zai zo ranar Juma'a mu zauna da Baffa da yayyena mata. Yaya Maman 'Yan Biyu, na duba masan, gefe ɗaya ya fara zama, ya shiga lissafi.

Ga yadda na tsara: rufin Inna da dakali da masai a gaba, sai katangar gabas, ɗakina da zaure ba zan taɓa su bana ba. Na kuma cire dubu 300 na ba Inna ajiya, na ce ko ni na zo nema kada ta ba ni sai an buɗe soron mun ga abin da ke ciki. Saura tambaya ɗaya, Baba Birkila: bulon katangar in saya ko in buga? Wani mai gidan bulo ya ba ni farashi mai sauƙi sosai.

Tsohon Birkila

Sauƙin nan shi za ka bincika. Ka tambaye shi bulo nawa yake cirewa a buhu ɗaya. Mai inci 6 in ya wuce 45 zuwa 50 a buhu, yashi kake saya. Ka ɗauki ɗaya ka ɗaga daidai ƙirjinka ka sake shi a ƙasa mai tauri. In ya rabe biyu kawai, to da dama-dama, in ya zama gari ka yi masa sallama. Ka kuma goga gefensa da babban yatsa, mai kyau ba ya zuba.

Tun da kuna kusa da yashi, ni na fi son ka buga a ƙofar gida kana tsaye, kana ƙirga buhu da idonka. A ba shi ruwa safe da yamma mako guda, a bar shi ya ƙara mako biyu kafin a ɗora. Ka auna tsawon katangar da tsayinta da mita ka ninka, kowace murabba'in mita bulo 10 take ci, ka ƙara 20 ko 30 na fashewa. Kuma a bar ƙofar rariya a gindinta, mai faɗin da ruwan Agusta zai fita ba tare da ya tsaya ba. In ka auno, turo mini adadin in lissafa maka simintin.